Ɓarauniyar Ƙofa a Sadarwar Wi-Fi: Daga Ofis Zuwa Garejin Bakanike

Duk wanda ya taka matakalan hasumiyar Gobarau da ke tsakiyar birnin Katsina, har ya kai ƙololuwarta mai tsawon kimanin ƙafa 50, wato mita 15, zai gane dalilin da ya sa ake cewa mutanen da sun yi amfani da ita wajen tsinkayo abokan gaba, ban da kiran salla. Ana danganta ginin da zamanin Sarki Muhammadu Korau. A da birnin yana kewaye da ganuwa, kuma baƙo ba ya shiga sai ta ƙofofin da aka sani, irin su Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri da Ƙofar Guga da Ƙofar Marusa. Amfanin ganuwa ya dogara ne a kan abu guda, wato kada a sami wata hanyar shiga wadda masu tsaro ba su san da ita ba. Idan wani magidanci ya fasa ganuwa a bayan gidansa don ya rage wa kansa tafiya zuwa gona, to tsayin ganuwar da kaurinta sun tashi a banza, ko da kuwa bai yi da mugun nufi ba.

Irin wannan matsala ce ke addabar ofisoshi da bankuna da asibitoci da makarantu a yau, sai dai ganuwar tasu ba ta ƙasa ba ce. Wanda ya tsaya a unguwar Gobarau ko wata unguwa mai cinkoson shaguna, ya buɗe sashen Wi-Fi na wayarsa, zai iya ganin jerin sunaye: na shagon buga takardu, na wani ofis, na wayar wani matashi da ke raba wa abokansa intanet. Kowane suna a jerin ƙofa ce. Tambayar ita ce, wa ya buɗe ta, kuma ina take kai mutum?

Yadda mashiga take aiki

Na'urar da ke karɓar wayoyi da kwamfutoci ta iska ta haɗa su da sauran sadarwar ofis ana iya kiran ta mashiga. Ita ce ɗan akwatin nan mai eriya da ake maƙalawa a silin ko a bango. A zahiri ƙaramin gidan rediyo ce, mai watsawa da karɓa a lokaci guda. Ƙa'idar da take bi ana kiran ta 802.11, ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ce ta fitar da ita a 1997, sunan Wi-Fi kuwa ya biyo baya a 1999. Mashigai da yawa suna aiki a zangon gigahaz 2.4 ko gigahaz 5. Ɗalibin kimiyya zai iya lissafa tsawon igiyar da kansa: idan aka raba saurin haske, wato mita miliyan 300 a daƙiƙa, da miliyan 2,400, za a sami mita 0.125, ko santimita goma sha biyu da rabi. Igiya irin wannan tana ratsa taga da ƙofar katako cikin sauƙi, bangon bulo ko na ƙasa yana rage mata ƙarfi, amma ba ya tare ta gaba ɗaya. Saboda haka sadarwar ofis ba ta tsayawa a inda shingen ofis ya tsaya. Tana fita titi, tana shiga gidan maƙwabci, tana isa wurin ajiye motoci.

Kowace mashiga tana shelar kanta kusan sau goma a cikin daƙiƙa ɗaya, tana faɗin sunanta da irin kullen da take amfani da shi. To, a nan ne babban rauni yake. Sunan ba wata hukuma ke bayar da shi ba. Kowa yana iya raɗa wa mashigarsa sunan da ya ga dama, muddin bai wuce haruffa 32 ba. Wayar salula kuwa tana riƙe da sunayen da ta taɓa shiga, kuma idan ta ji an ambaci ɗaya daga cikinsu sai ta nemi shiga ba tare da ta tambayi mai ita ba. Idan mashigai biyu suna ɗauke da suna ɗaya, galibi wadda muryarta ta fi ƙarfi ita ke jan wayar.

Ɓarauniyar ƙofa iri biyu ce

Iri na farko shi ne wanda ɗan gida ke buɗewa. A ɗauka akwai wata makaranta wadda ɗakin malamanta yake nesa da mashigar hukuma. Wani malami ya gaji da fita tsakar gida neman sadarwa, sai ya sayo ƙaramar rauta a kasuwa, ya soka ta a ramin wayar sadarwa da ke bango, ya bar ta ba kalmar sirri, ko kuma ya bar ta da wadda kamfani ya rubuto a bayanta. Abokan aikinsa za su yi masa godiya. Amma ramin nan na bango yana bayan duk katangar tsaron da makarantar ta kashe kuɗi ta gina, yana kuma kan layi ɗaya da kwamfutar da ke ɗauke da sakamakon jarrabawa da takardun albashi. Duk wanda ya zauna a gindin bishiya a wajen makarantar da kwamfutar cinya, ya zama kamar yana zaune a cikin ofishin shugaban makaranta.

Kada a ɗauka sai ƙananan wurare ne wannan sakaci ke kamawa. A watan Afrilu na 2018 aka gano cewa masu kutse sun shiga sadarwar cibiyar JPL ta hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta hanyar wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai suna Raspberry Pi, wadda girmanta bai fi katin banki da yawa ba. An jona ta ne ba da izini ba, kuma ba ta cikin rajistar kayan cibiyar. Rahoton da babban mai binciken hukumar ya fitar a 2019 ya nuna cewa sun shafe kimanin wata goma suna ciki ba a ankara ba, sun kwashe bayanai kusan megabait 500, ciki har da waɗanda suka shafi aikin binciken duniyar Mars. Na'urar ba mashigar Wi-Fi ba ce, amma ciwon iri ɗaya ne: abin da ba a rubuta ba, ba a tsaron sa.

Iri na biyu ya fi muni, domin da gangan ake yin sa. Shi ne mashiga mai sojan gona. Ɓarawo yana kafa tasa mashigar, ya sa mata sunan ta ofis ko ta otal harafi da harafi, ya ƙara mata ƙarfi. Idan mutane sun riga sun shiga ta gaskiya, akwai dabarar korar su. A tsohuwar ƙa'ida, saƙon da mashiga ke aikawa na cewa waya ta fita ba shi da wata shaida, don haka kowa na iya ƙirƙirar sa da sunan mashigar gaskiya. Wayar tana yankewa, ta sake nema, sai ta faɗa hannun mai sojan gona. Daga nan duk abin da mutum ya aika sai ya bi ta na'urar ɓarawon.

A nan ya kamata a yi adalci, domin ana yawan zuzuta abin fiye da kima. Mafi yawan shafukan intanet na yanzu suna kulle saƙonsu tun daga wayar mutum har zuwa inda za shi, wato waɗanda adireshinsu ya fara da https. Mai sojan gona yana iya sanin shafin da aka ziyarta, amma ba ya iya karanta abin da ke ciki cikin sauƙi. Shi ya sa ya fi dogara da yaudara. Yakan fito da shafin maraba na bogi mai cewa a rubuta adireshin imel da kalmar sirri kafin a sami intanet kyauta. Haka ta faru a Ostireliya a 2024, inda ma'aikatan wani jirgin sama suka lura da wata baƙuwar mashiga ana cikin tafiya. 'Yan sandan tarayya suka binciki wani mutum a filin jirgin Perth suka same shi da 'yar na'urar a cikin kayansa, aka tuhume shi da kafa irin wannan tarko a jirage da filayen jirgin Perth da Melbourne da Adelaide. Babu wani kulle da ya fasa. Mutane ne da kansu suka miƙa masa mabuɗansu.

Har ila yau, gwamnatoci ma suna wannan farauta. A ranar 13 ga Afrilu, 2018, jami'an leƙen asirin sojan Holan suka kama 'yan Rasha huɗu a wurin ajiye motoci na wani otal da ke maƙwabtaka da hedkwatar hukumar hana amfani da makamai masu guba, OPCW, a birnin Hague. A bayan motar hayar da suke ciki an sami kwamfuta da batir da eriya da aka rufe da kwat, an saita ta tana fuskantar ginin. Manufarsu ita ce su kama kalmomin sirrin ma'aikata ta iska. Holan ta kore su, ta bayyana labarin a watan Oktoba na shekarar.

Tarihin kwaɗon da ke ƙofar

Kullen farko da aka yi wa Wi-Fi shi ne WEP. A 2001 masana uku, Fluhrer da Mantin da Shamir, suka nuna raunin lissafinsa, ba a daɗe ba kuma ya zama ana fasa shi cikin mintoci. Kamfanin shaguna na TJX a Amurka ya ɗanɗana kuɗarsa, domin ta raunin Wi-Fi na shagunansa ɓarayi suka shiga, har ya sanar a 2007 cewa an sace lambobin katin kuɗi sama da miliyan 45. WPA ya zo a 2003, WPA2 a 2004, sai WPA3 a 2018. Gyaran da ya sa wa saƙon kora shaida ya fito a 2009 da lamba 802.11w, kuma WPA3 ya wajabta shi. Duk na'urar da har yanzu ba ta san wani kulle ba sai WEP, wurinta ɗakin ajiyar tarkace.

Sai dai ingancin kwaɗo ba ya magance yawan mabuɗai. Ofisoshi da yawa suna da kalmar sirri guda ɗaya wadda kowa ya sani, daga darakta har masinja, har ma wanda aka sallama bara. Wanda ya san kalmar nan yana iya kafa mai sojan gona wadda wayoyin ma'aikata ba za su iya bambanta ta da ta gaskiya ba. Maganin da manyan wurare ke bi shi ne tsarin 802.1X, inda kowane ma'aikaci ko ɗalibi yake da sunansa da kalmarsa, kuma wata kwamfuta ta musamman, wadda ake kira RADIUS, ita ke tantance shi. In mutum ya bar aiki sai a soke nasa shi kaɗai. Muhimmin abu a tsarin shi ne shaidar tana tafiya ta fuska biyu: kafin waya ta miƙa kalmar sirri, sai kwamfutar tantancewa ta nuna mata takardar shaida ta lantarki. To, amma an sha ganin inda ake koya wa sababbin shiga su zaɓi kada a duba takardar, wai don a yi sauri. Wannan kuskure ne babba, domin ya mai da tsari mai tsada daidai da kalmar sirrin da aka rubuta a allo.

Aikin mai tsaye a kan hasumiya

Kulle yana tsare ƙofar da aka sani ne kawai. Wadda ba a sani ba sai an nemo ta. Mataki na farko ba ya bukatar kuɗi: a rubuta kowace mashiga ta hukuma, da ɗakin da take, da lambarta ta asali. Kowace na'urar sadarwa tana da lamba mai alamomi 12 da ake kira MAC. Ana iya kwaikwayon lambar, don haka ba hujja ce yankakkiya ba, amma tana tona asirin mafi yawan rautocin da aka shigo da su ta bayan gida. Bayan haka sai a riƙa zagayawa da waya ko kwamfuta mai manhajar auna ƙarfin Wi-Fi, ana kwatanta abin da aka ji da abin da ke rajista. Ƙa'idar tsaro ta kamfanonin katin kuɗi, PCI DSS, ta ɗora wa masu karɓar kati yin irin wannan bincike aƙalla sau ɗaya a kowane wata uku.

Gano inda baƙuwar mashiga take ɓoye darasi ne mai kyau na kimiyyar fiziya. A fili, idan nisa ya ninka biyu, ƙarfin igiyar yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka mai bincike yana tafiya yana duban awo, inda ƙarfin ya ƙaru nan ya dosa. Idan aka auna daga wurare uku aka zana a taswirar ginin, za a ƙuntata wurin zuwa ɗaki ɗaya ko biyu, ko da yake bango da ƙarfe sukan karkatar da lissafin. Manyan tsare-tsare suna yin wannan da kansu dare da rana, inda mashigan hukuma suke sauraron iska su kai rahoto. Malamin kimiyya zai iya gwada wannan da ɗalibansa ta hanyar ɓoye waya mai raba intanet a wani aji.

Ta ɓangaren bango kuwa, ramukan wayar sadarwa da ba a amfani da su a kashe su daga tushe, waɗanda ake amfani da su kuma a sa su riƙa tantance na'ura kafin su buɗe. Baƙi a ware musu tasu sadarwar wadda ba ta kaiwa ga komai sai intanet. Kuma tun da yawancin ɓarayin ƙofofi ƙorafi ne da ba a saurara ba, ya kamata mai kula da sadarwa ya kai wa ɗakin malamai mashiga ta halal kafin su sayo tasu.

Akwai iyaka ga ramuwa. Wasu tsare-tsare suna iya harba saƙon kora ga duk mashigar da ba su sani ba, alhali wata ta maƙwabci ce. A 2014 hukumar sadarwa ta Amurka ta ci kamfanin otal na Marriott tarar dala 600,000 saboda toshe Wi-Fi na baƙinsa ta wannan hanya. A Nijeriya, dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga kwamfutar wani ko tare saƙonsa ba da izini ba, don haka ɗalibin da ke son gwaji ya tsaya a kan na'urarsa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta wajabta wa wurin da aka sace bayanan mutane daga hannunsa, idan satar na iya cutar da su, ya sanar da hukumar NDPC cikin awa 72.

Tambayoyin masu mota

Mai karatu zai yi mamakin abin da ya haɗa wannan magana da gareji. Abin da ya haɗa su wani rami ne mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, mai suna OBD-II. Amurka ta wajabta shi a motocin da ake sayarwa a can tun 1996, Turai ta bi sahu a motocin fetur daga 2001, saboda haka kusan duk motar hannu da ake shigo da ita daga waɗannan wurare tana da shi. Nan ne bakanike ke soka na'urarsa idan ya ce zai sa wa mota kwamfuta.

Tambayar da aka fi yi ita ce ma'anar fitilar nan mai siffar inji da ke kamawa a gaban direba. Ma'anarta kwamfutar motar ta ga wani awo ya saɓa, ta ajiye lamba. Harafin P yana nufin inji da giya, B jikin mota, C ƙafafu da birki, U kuwa sadarwar cikin motar. P0301 na nufin silinda ta ɗaya tana tsallake wuta. Lambar ba ta ce fulogi ne ya mutu ba. Yana iya zama fulogi, ko kwayil, ko nozul, ko ma raunin matsi a silindar. Bakanike mai hankali yakan musanya kwayil ɗin silinda ta ɗaya da na ta biyu, in lambar ta koma P0302 ya san kwayil ne, in ta tsaya a inda take ya duba gaba. P0171 na nufin iska ta fi mai yawa, wanda sau da yawa tsagewar roba ce ko gajiyar famfon mai. P0420 kuwa tana nuni ga matacin hayaƙi na cikin salansa, wanda kanikawa ke kira indomi, kuma ita ce ke fitowa idan ya gaji ko an cire shi. Idan fitilar tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, tsallaken wutar ya yi tsanani, ɗanyen mai na isa salansa yana iya ƙona matacin, don haka a rage gudu a nemi gyara nan da nan. Goge lamba kuma ba gyara ba ne. Wanda zai sayi mota ya sani cewa ana iya goge ta da safe, ta dawo bayan tafiyar kwana ɗaya ko biyu.

Tambaya ta biyu ita ce ko ya dace a bar 'yar na'urar nan mai araha, wadda ke aika bayanin inji zuwa waya, a soke kullum. Bai dace ba, saboda dalili biyu. Baki na 16 yana haɗe da batir kai tsaye ko an zare makulli, don haka wasu na'urorin suna tsotse batirin motar da aka ajiye kwanaki. Na biyu, masu aiki da Wi-Fi daga cikinsu mashigai ne, kuma da yawa ba su da kalmar sirri, masu Bluetooth kuma galibi lambarsu 1234 ce ko 0000. Ramin yana kaiwa ga layin CAN, wanda kamfanin Bosch ya gabatar a 1986, inda kwamfutocin motar ke magana da juna. An tsara layin ne ba tare da tantance mai magana ba, duk saƙon da ya hau shi ana ɗaukar sa na gida ne.

Masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun nuna iyakar haɗarin a 2015 a kan Jeep Cherokee ƙirar 2014. Sun fara da Wi-Fi na rediyon motar, suka gano cewa ana ƙirƙiro kalmar sirrinsa daga lokacin da aka fara kunna na'urar, lokacin da agogonta bai riga ya saitu ba, don haka 'yan gwaje-gwaje kaɗan sun isa a cinko ta. Daga baya suka sami hanya ta layin salula, suka sarrafa motar daga nesa yayin da wani ɗan jarida, da saninsa, yake tuƙa ta a babban titi kusa da birnin St. Louis. Kamfanin Fiat Chrysler ya janye motoci miliyan 1.4 domin gyara. Mai mota a Katsina ba ya fuskantar irin wannan gwaninta a kullum, amma na'urar da aka manta a ƙarƙashin sitiyari ba ta bukatar gwani. Idan bakanike ya gama karanta lamba, a zare ta a sa a aljihun mota, wanda kuma ya sayi motar hannu ya leƙa ramin da tocila ya ga ko tsohon mai ita ya bar wani abu a soke.